Daga ina sunayen hanji suka fito?

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗaliba ce daga Agege ina karatun nas, wallahi sunayen hanjin nan na Turanci suna ban wuya, su duodenum da jejunum, wai ina suka samo asali ne?

Amsa: 'Yar'uwa ai ba ma Turanci bane asalinsu, Latin ne. Duodenum, wato sashen farko na ƙaramin hanji, daga kalmar Latin mai nufin sha biyu ya fito, likitocin da can sun kwatanta tsawonsa da faɗin yatsu 12, wajen santimita 25 kenan, ki jera yatsunki a tebur ki gani. Jejunum kuwa, sashen da ke biye da shi, mai azumi ake nufi, saboda in an buɗe gawa yawanci wayam ake tarar dashi ba abinci, wannan sunan yana burgeni sosai. Sai kuma gut da bowel, kalmomin da ake kiran hanji gaba ɗaya da su a Turanci: gut daga tsohon Turancin Ingila take, bowel kuma ta Faransanci ta shigo.