Me ya sa yunyon ke faɗa da ba 'yan kwangila aikin shara?

TAMBAYA: Malam, a ma'aikatarmu an ce za a ba wani kamfani aikin shara da gadi, 'yan yunyon sai tada jijiyar wuya suke. Ni dai na ga aikin ɗaya ne, meye abin faɗa? Daga wata mai karatu, Kaduna.

AMSA: Malama, tsintsiyar ɗaya ce amma mai sharar ba ɗaya ba. Tun zamanin Obasanjo gwamnatin tarayya ta fara sallamar ƙananan ma'aikata, masinjoji da direbobi da masu shara, ta miƙa wa kamfanoni, kuma abin da NLC, uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ke kuka a kai shi ne baba mai gadin da kike gaisawa kullum a get, da yana da fansho da hutu da ƙarin girma, in ya koma hannun ɗan kwangila sai kamfani ya fara cire ribarsa kafin albashi ya iso gare shi, wani ma ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ɗin da aka sa wa hannu a 2024 ba ya gani. In ya yi magana a ce gobe kar ya zo. Ita ma yunyon, gaskiya, mambobinta ne ke raguwa, da kuɗin da suke zubawa duk wata.