Kwamfutar wa za mu bi a ƙarƙashin teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Alƙahira. Bara na yi kwas ɗin koyon nutso a Hurghada, garin da ke gaɓar Bahar Maliya a Masar, yanzu kuma mu shida mun haɗa kuɗi za mu yi mako guda a jirgin ruwa a Bahar Maliya, ci da kwana duk a ciki, ana nutso sau uku ko huɗu a rana. Damuwata ita ce kwamfutar nutso da nake ɗaurawa a hannu. Ƙirar Suunto ce, kuma kullum ita ke fara cewa lokacin zama a ƙarƙashin ruwa ya ƙure. Ranar da muka gwada, tawa ta nuna saura minti 9, ta abokina, ƙirar Garmin, ta nuna 16, alhali kafaɗa da kafaɗa muke. Ya ce tawa ce ta lalace, in bi tasa kawai. Wacce ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu wadda ta lalace, kuma don Allah kada ka bi tasa.

Iskar da ke cikin tukunyar da kake goyawa irin wadda muke shaƙa ce a doron ƙasa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin. Duk mita 10 da ka nutsa, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na sararin sama guda, wato a mita 30 ya ninka huɗu. Wannan matsi ke tura naitirojin cikin jini da tsoka. In ka taso a hankali zai fita ta numfashi. In ka yi gaggawa, ko ka ɗibi fiye da kima, sai ya yi kumfa a cikin jiki kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka ɓalle murfin. Daga nan ciwon gaɓoɓi, ko mutuwar ɓarin jiki, ko abin da ya fi haka.

To ita kwamfutar ba ta ganin jininka. Zurfi da lokaci kaɗai take aunawa, sauran duk lissafi ne. Kwamfutocin Garmin da Shearwater suna aiki da lissafin Albert Bühlmann, likitan nan na birnin Zurich, wanda ya kasa jikin mutum gida 16, wasu na cika da naitirojin da sauri, wasu a hankali. Suunto irin taka kuwa tana bin wani tsarin lissafi mai suna RGBM, wanda yake tsananta wa mai maimaita nutso, musamman in hutun da ke tsakani gajere ne ko an kwana biyu ana shiga ruwa. Shi ya sa a nutson farko za ku ga lambobinku sun yi kusa, amma zuwa rana ta uku a jirgi tazarar sai ta buɗe.

Dokar da masu nutso suka yarda da ita guda ce: wadda ta fara cewa a tashi, ita ake bi. In taka ta nuna saura minti 3, kai da abokin nutsonka ku ɗan haura sama tare, za ku ga lokacin ya ƙaru. Ba ya barinka ka taso kai kaɗai don tasa ta ba shi sarari. Abokin naka zai iya shiga saitin Garmin ɗinsa ya ɗaga matakin taka-tsantsan, lambobinku su matso kusa, ku huta da gardama.

Inda na fi jiye muku shi ne Thistlegorm, don kusan duk jirgin da ya nufi arewa daga Hurghada sai ya tsaya a can. Jirgin dakon kaya ne na Ingila da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a watan Oktoban 1941, yana kwance a zurfin kimanin mita 30, babura da motocin soja na nan jere a cikinsa har yau. Mutum na haska tocila kan tayoyin babur sai ya manta da hannunsa. Ga shi a jadawalin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, minti 20 kacal ake da su a mita 30, a nutson farko ma ke nan, na biyu bai kai haka ba. Ku yi alkawari tun a kan jirgi cewa duk bayan 'yan mintoci kowa zai nuna wa ɗan'uwansa fuskar kwamfutarsa, kuma in ta wani ta sauko minti 5 an fara haurawa. Tasowa kada ta wuce mita 9 zuwa 10 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5, a fito da sauran iska aƙalla bar 50 (ma'aunin matsin iska) a tukunya.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙonka ka guje mata. Suunto irin su Zoop, in ka tsallake tsayuwar dole da ta wajabta maka, wato dakatawa a wani zurfi kafin fitowa don naitirojin ya ragu, tana kulle kanta awa 48. Na taɓa ganin wani a jirgi, tasa ta kulle, ya cusa ta cikin jaka ya ari ta haya ya koma ruwa da la'asar. Sabuwar ta ɗauka jikinsa wankakke ne, ba ta san ya yi nutso tara a kwana uku ba, sai ta buɗe masa lokaci. Da daddare yana zaune a bakin gado yana murza kafaɗa, an ɗora masa oksijin, jirgi ya juya da kowa da kowa zuwa gaɓa. Hankalina ya tashi ƙwarai a daren nan. Kwamfuta ɗaya, mutum ɗaya, daga ranar farko har ta ƙarshe. In taka ta mutu a ruwa, ka yi wa abokinka alama ku taso a hankali, sannan ka zauna a jirgi awa 24 kafin ka ɗaura wata. Saboda haka ma ka sa sabon batir kafin tafiya, domin wasu kwamfutocin suna mance naitirojin ɗin da suka lissafa maka in aka cire musu batir a tsakiyar mako.

In kana da takardar shaidar amfani da naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, kuma jirgin na bayar da irin wannan iska, ka karɓa. Oksijin ɗinsa ya fi yawa, galibi kashi 32, don haka lokacinka zai ƙaru. Sai dai ka auna oksijin ɗin tukunyar da hannunka, ka shigar da adadin a kwamfuta, kada ka wuce mita 33. Babban haɗari shi ne a bar saiti a 32 alhali iska ta gama-gari ake shaƙa. Ku riƙa duba na juna kafin a faɗa ruwa. Ka yawaita shan ruwa, kuma da ni ne ba zan haɗa irin wannan tafiya da azumi ba.

Tambaya: Malam, ina da Apple Watch Ultra. Ya wadatar, ko sai na sayi wata kwamfuta? Daga wata 'yar'uwa mai aiki a Jidda.

Amsa: Malama, da manhajar Oceanic+ agogon yana aikin kwamfutar nutso har zuwa mita 40, kuma lissafin Bühlmann yake bi. Ki tabbata kin biya kuɗin manhajar tun kina gida, don in jirgi ya yi nisa da gaɓa intanet sai a hankali. Rauninsa caji ne: nutso huɗu a rana na shan batir. Ki ɗaura wata ƙaramar kwamfuta a ɗaya hannun a kowane nutso, ta zama madadi.

Tunda an zo maganar caji: a watan Satumban 2019 jirgin masu nutso mai suna Conception ya kama da wuta cikin dare a gaɓar Kalifoniya, mutum 34 suka rasu a ɗakin kwana na ƙasa, kuma masu bincike sun gano babu mai gadin da ke zagayawa a daren. Ki yi cajinki a wurin da aka keɓe, da rana, idonki na kai. Kada ki kwana da waya ko batirin kyamara a jone a kan katifa. Daren farko ki nemi a nuna miki ƙofar tsira ta biyu, ki buɗe ta da hannunki ki gani.

Tambaya: Za mu sauka daga jirgin ruwa ranar Alhamis, jirgin samanmu kuma Juma'a da safe. Akwai matsala?

Amsa: Ya danganta da lokacin nutson ƙarshe. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ce awa 12 bayan nutso guda, aƙalla awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, fiye da haka sosai in an shiga tsayuwar dole. Matsin cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, ragowar naitirojin na iya yin kumfa kana kan kujera. Bayan mako guda cur, ni awa 24 nake ba da shawara. Kwamfutarka za ta nuna hoton ƙaramin jirgin sama da awannin da suka rage, ka bi wanda ya fi tsawo tsakanin nata da wannan. In jirginku ƙarfe 8 na safiyar Juma'a ne, nutson Laraba da yamma ya zama na ƙarshe.