Me ke sa bahaya ya fito da maiƙo in ana gudawa?

Tambaya: Salam likita, dan Allah kwana biyun nan ina fama da gudawa, kuma sai in ga kamar mai-mai a saman ruwan, ga wari, ko na kora ruwa baya tafiya da sauri. Me ke kawo haka?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Da farko ka duba da kyau, maiƙo ne ko majina? Mutane da yawa suna haɗa su. Majina yauƙi take, shi kuwa maiƙo ƙyalli yake, bahayan ya yi fari-fari ya manne a jikin masai. Tasowa saman ruwa kaɗai ba hujja bace, sau da yawa iska ce kawai.

Kitsen da muke ci sai abu uku sun haɗu kafin jiki ya amfana dashi: ruwan matsarmama da hanta ke yi, sinadarin lifes mai narkar da kitse daga fankiriyas (wata gaɓa ce a bayan tumbi), sai ƙaramin hanji da zai tsotse. In ɗaya ya samu matsala kitsen sai ya wuce yadda ya shiga. To a gudawa ta kwana ɗaya biyu yawanci hanjin ne ke sauri, abinci bai samu ya tsaya an tsotse shi ba, wannan da kansa yake wucewa, ka dage da shan ORS ka rage abinci mai maiƙo.

Wanda na fi zargi in abin ya ja kwanaki shine giyardiya, ƙwayar cuta ce da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa, tana mannewa a ƙaramin hanji ta hana tsotsa, ga kumburin ciki da gyatsa mai wari, gwajin bahaya ke nuna ta kuma maganinta ba wuya. Akwai kuma ciwon fankiriyas da ya daɗe, musamman ga masu shan giya, shi sai kusan kashi 90 na aikinsa ya lalace kafin maiƙo ya bayyana, shi yasa bana son a raina maiƙon nan. Sai cutar siliyak, wadda cin alkama ke lalata hanji, da dutse da ya toshe hanyar matsarmama, nan zaka ga ido yayi shawara fitsari yayi duhu. Maganin rage ƙiba orlistat ma yana sawa, dama aikinsa kenan.

In ya wuce sati 2, ko kana ramewa, ko ka ga jini ko shawara, kar ka tsaya siyan flajil a kemis, kaje asibiti a auna bahayan da jini, dan in ya daɗe bitamin A, D, E da K suma tare da kitsen suke fita.