Fatawa: Gwada allura a jikin zomo alhali akwai hanyar da ba ta buƙatar dabba

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfani mai haɗa ruwan ƙari da allurai, kuma da zomaye muke duba ko maganin zai ta da zazzaɓi. Na ji an samu hanyar yin wannan da jinin mutum a kwalba. Muna da laifi idan muka ci gaba da zomayen? Shi kuma jinin, ya halatta a yi aiki da shi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, hukunci yana bin fahimtar abu, don haka mu fara da aikin.

A gwajin zomo ana kulle zomaye 3 a akwatin da ke riƙe wuyansu, a sa musu ma'aunin zafi ta dubura, a ɗura maganin ta jijiyar kunne, har mililita 10 ga kowane kilo, a bi zafin jikinsu awa 3. A ƙa'idar Amurka, idan zafin ko da ɗaya daga cikinsu ya hau da rabin digiri, sai a ƙaro zomaye 5. Azabar ba ta kai ta yanka ba, amma azaba ce, kuma sakamakon yana ruɗi, domin tsoro kaɗai kan ɗaga zafin zomo.

A 1995 Thomas Hartung da Albrecht Wendel na Jami'ar Konstanz a Jamus suka nuna cewa fararen ƙwayoyin jinin mutum za su iya wannan aiki. Ana haɗa jinin da maganin, a bar shi ya kwana a digiri 37, sannan a auna sinadarin zazzaɓi da ƙwayoyin suka fitar, irin su IL-6. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya karɓi hanyar a 2010, kuma a 2021 hukumarsa ta yanke shawarar janye gwajin zomo cikin shekara 5.

Asali Allah ya hore mana dabbobi, kamar yadda aya ta 29 a Suratul Baƙara ta nuna, kuma kare ran majinyaci daga gurɓatacciyar allura maslaha ce babba. Shi ya sa gwajin ya halatta lokacin da babu makawa. Sai dai Muslim ya ruwaito daga Shaddadu bn Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, Bukhari da Muslim kuma sun kawo matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Cutar da dabba ba tare da buƙata ba haramun ne, kuma lalura ana ɗaukarta gwargwadonta. Idan ruwa ya samu, taimama ta ɓaci.

Amma sai ruwan ya samu da gaske. Wasu magunguna suna danne ƙwayoyin jinin, gwaji ya ce lafiya alhali akwai guba. Don haka ake zuba sanannen adadi na endotoksin, wato gubar ƙwayoyin cuta mai ta da zazzaɓi, cikin maganin da gangan, kuma dole a gano tsakanin kashi 50 zuwa 200 cikin ɗari nasa kafin a yarda da hanyar ga wannan magani. Jinin mutane ya bambanta, sai a haɗa na aƙalla mutum 4, ban da wanda ya sha maganin kumburi kwanan nan. Kwalaben gilashi a gasa su a digiri 250 na minti 30, domin tafasawa ba ta lalata endotoksin. Matuƙar ba ku tabbatar da wannan ba, ko hukumar magunguna ba ta amince ba, babu laifi a kanki, da sharaɗin kada a ƙara zomo ko ɗaya a kan adadin da ake buƙata, a ba su hutu, ci da sha, kuma gwani ya soka allurar. Ran da waɗannan suka cika, kamfanin kuma yana da hali, ci gaba da zomaye don sabo ko ƙyashin kuɗi bai halatta ba. Nauyin yana kan masu yanke shawara, naki shi ne ki kai musu maganar a rubuce.

Jini kuwa, wanda ya kwarara najasa ne, kuma mashhurin Malikiyya shi ne ba a amfani da ainihin najasa. Duk da haka malaman mazhabar sun togace abubuwa kamar jefa wa karnuka mushe da shayar da shuka ruwan da aka sa wa najasa. Wannan jini ba shansa ake yi ba, ba ya shiga jikin kowa, kuma buƙatarsa ta fi waɗancan ƙarfi, don haka abin da ya rinjaya a wurina halacci ne, idan mai jinin ya yarda kuma ɗibar ba ta cutar da shi. Sayar da shi ne aka hana, bisa hadisin Abu Juhaifa a Bukhari. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 1409 Hijira, ta halatta ba mai jinin kyautar ƙarfafa gwiwa wadda ba a sharɗanta ba, ta kuma ɗauke laifi daga mai saye idan bai samu kyauta ba. Idan jinin ya taɓa tufafinki, ki wanke kafin salla.

Wallahu a'alam.