Tambaya da Amsa: Shin Morricone yana da kiɗan da ba na fim ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tun ina yaro nake jin kiɗan nan mai fito da ƙarar bulala na tsofaffin finafinan kaboyi, sai da na girma na san cewa wani Ba'italiye ne mai suna Ennio Morricone ya tsara shi. Kwanan baya wani abokina ya ce mini mutumin yana da waɗansu kaɗe-kaɗe da ba su da alaƙa da fim, kuma wai su ya fi ji da su. Na nemo ɗaya na saurara, amma ban ji komai ba sai ƙarar ƙarafa da gurnanin ƙaho, kai ka ce garejin makanikai na shiga. Shin maganar abokina gaskiya ce? In kuwa gaskiya ce, yaya aka yi mutum ɗaya ya yi kiɗa iri biyu da suka yi hannun riga haka? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Morricone, wanda aka haifa a birnin Rum a 1928 kuma ya rasu a can a watan Yuli na 2020, ya tsara kiɗan finafinai da shirye-shiryen talabijin sama da 400, amma ya kuma bar ayyuka sama da 100 da ya rubuta domin a kaɗa su a zaure, gaban mutanen da suka zo saurare kawai. Shi da kansa ya raba aikinsa gida biyu. Na fim yana kiransa "musica applicata", wato kiɗan da aka ɗora wa hidimar wani abu, ɗaya kuwa "musica assoluta", kiɗan da ke cin gashin kansa, ba hoton da zai bi, ba darektan da zai ce a rage ko a ƙara.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, ba daga fim ya tsallaka zuwa wannan kiɗa ba, daga wannan kiɗan ne ya gangaro zuwa fim. Mahaifinsa mabushin ƙahon Turawa ne, shi ma da ƙahon ya fara a makarantar kiɗa ta Santa Cecilia da ke Rum, sannan ya karanci tsara kiɗa a hannun Goffredo Petrassi, ɗaya daga cikin manyan malaman fannin a Italiya, ya kammala a 1954. A 1957 ya rubuta wani babban aiki na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, ya sadaukar da shi ga malamin nasa. A shekarar da ta biyo baya ya je taron masu sabon salon kiɗa a garin Darmstadt na Jamus, inda ya ga Ba'amurke John Cage, mutumin da ke koyar da cewa kowace irin ƙara, har ma da shiru, tana iya zama kiɗa. Burin Morricone a lokacin shi ne ya zama ɗaya daga cikin waɗannan mutane.

Sai dai irin wannan kiɗa ba ya cika tukunya, ga shi kuma ya yi aure tun 1956. Ya sami aiki a gidan rediyo da talabijin na ƙasa, RAI, amma ya ajiye shi a ranar da ya fara, bayan an shaida masa cewa doka ta hana a watsa kiɗan da ma'aikacin gidan ya tsara. Daga nan ya koma shirya wa mawaƙan zamani kiɗa a kamfanin faifai na RCA, har hanya ta kai shi ga finafinan kaboyi na darekta Sergio Leone, wanda suka yi aji ɗaya a firamare. A cikin abokan karatunsa akwai masu ganin cewa almajirin Petrassi ya zubar da girmansa da ya shiga harkar fim, kuma wannan kallon ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya.

Abin da ka saurara, bisa yadda ka kwatanta shi, ya yi kama da aikin wata ƙungiya mai suna Gruppo di Improvvisazione Nuova Consonanza, wadda Franco Evangelisti ya kafa a Rum a 1964. Morricone ya yi shekaru a cikinta yana busa ƙaho. 'Yan ƙungiyar duk masu tsara kiɗa ne, amma idan sun haɗu ba sa bin rubutu: kowa yana sauraren ɗan'uwansa ya mayar masa da martani nan take, wani ya kankari wayoyin cikin fiyano, wani ya hura iska a ƙaho ba tare da ya fitar da sauti sosai ba. Ba zan ce maka yana da daɗin ji ba, domin ni kaina ba kullum nake iya kai faifansu ƙarshe ba, kuma su ma ba daɗin kunne suka sa gaba ba. Bincike suke yi a kan iyakar abin da za a iya kira kiɗa.

A nan ne nake ganin tambayarka ta biyu take da amsa, domin hannun rigar da ka ambata riga ɗaya ce ta haɗa su. Wanda ya yarda cewa kankarar waya kiɗa ce, shi ne zai yi tunanin sa fito da bulala da ƙararrawa a inda sauran masu kiɗan kaboyi suke jera goge da ƙaho. Ka tuna farkon fim ɗin Leone mai suna Once Upon a Time in the West na 1968, inda 'yan bindiga uku suke jiran jirgin ƙasa na tsawon mintuna babu kiɗa ko kaɗan, sai kukan injin iska mai tsatsa, da ɗigar ruwa a kan hula, da zizar ƙuda. Wannan tunanin daga zauren masu gwaji ya fito. A shekarar nan ma 'yan ƙungiyar suka yi kiɗa a wani fim na Elio Petri. Saboda haka fiton da ka tashi da shi da garejin da ya kore ka, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Idan kana son ƙofar da ta fi sauƙin shiga, ka nemi Voci dal silenzio, wato "muryoyi daga cikin shiru". Ya rubuta shi bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka, amma ya ce ya yi shi ne domin tunawa da duk waɗanda aka yi wa kisan gilla a tarihin ɗan Adam. Riccardo Muti ne ya jagoranci kaɗa shi karon farko a bikin Ravenna a 2002, kuma Morricone da kansa ya jagorance shi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Fabrairun 2007. Aikin ya haɗa makaɗa, da taron mawaƙa, da muryoyin al'ummomi daban-daban da aka naɗa a faifai, da mai karanta baitocin Richard Rive, marubucin Afirka ta Kudu da ya rayu a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Farkonsa yana da tsauri da ruɗani, amma kunne yana samun inda zai dafa kafin a kai ƙarshe.

Akwai kuma kiɗan ibadar Katolika da ya rubuta da sunan Fafaroma Francis, wanda aka fara gabatarwa a cocin Gesù da ke Rum a watan Yunin 2015, domin cikar shekara 200 da maido da ƙungiyar limaman Jesuit. Matarsa Maria ta yi shekaru tana roƙonsa ya rubuta irin wannan aiki, sai da ya haura tamanin ya cika mata. Shi ma ba zai yi maka nauyi ba, musamman in ka san kiɗan da ya yi wa fim ɗin The Mission na 1986. Faifan 'yan Nuova Consonanza kuwa ka bar shi sai ka gama da waɗannan biyun, kuma in ka koma gare shi ka saurari minti biyar kacal a zama ɗaya, kana bin sautin ƙahon, domin a mafi yawan faifansu Morricone ne ke busa shi.