Tambaya da Amsa: Wa ya sauko da farashin ƙwan LED?

Tambaya: Malam, na ji an ce gwamnatocin ƙasashen waje ne suka sa ƙwan lantarki na LED ya yi arha. Gaskiya ne? Kuma me ya sa ake rubuta masa shekaru a kwali, amma ya mutu cikin 'yan watanni?
Daga wani mai shagon kayan wuta

Amsa: Da gaskiya a maganar. A 2007 majalisar dokokin Amurka ta kafa gasar L Prize, ma'aikatar makamashi ta buɗe ta a 2008. Sharaɗin shi ne a ƙera ƙwan da zai maye gurbin tsohon ƙwai mai wat 60: ya ba da haske lumen 900 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), kada ya ci wutar da ta wuce wat 10, ya kuma yi aiki awa 25,000. Kamfanin Philips ne ya lashe dala miliyan 10 a 2011, bayan an daɗe ana gana wa ƙwayayensa azaba da zafi, laima da girgiza. A ganinmu wannan gwajin ya fi kuɗin muhimmanci, don shi ya raba cika-baki da aiki.

Indiya kuwa sari ta yi. A shirin UJALA na 2015, kamfanin gwamnati EESL ya riƙa sayen miliyoyin ƙwayaye a lokaci guda, farashin ɗaya ya faɗo daga rufi (kuɗin Indiya) 310 zuwa 38.

Sai batun mutuwa da wuri. Ba kasafai ƙwayar hasken ce ke fara lalacewa ba. Ka buɗe gindin ƙwan, za ka ga ɗan allo da masu gyara ke kira direba, shi ke daidaita wutar. A jikinsa akwai kafasito, wata 'yar na'ura mai tara wuta da ke da ruwa a ciki, zafi ne ajalinsa: duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansa. Shi ya sa ƙwan da aka kulle cikin gilashi, ko aka liƙa ƙarƙashin kwanon rufi, yake fara kyaftawa sannan ya ɗauke. Wutar janareta mai hawa da sauka ita ma tana ƙona direba.

In za ka yi sari, raba lumen da wat ɗin da ke kwali. Mai wat 9 ya kamata ya kai lumen 800, wato kusan lumen 89 a kowane wat. Wanda ba a rubuta lumen ba ko kaɗan, bar musu kayansu. Ka kuma ɗaga ka ji nauyin gindin. In sakayau ne, mai yiwuwa roba ce zalla, babu alminiyon da zai janye zafi.