Akwatin nan na fim ɗin The Possession, da gaske ne?

Tambaya: Malam, na kalli The Possession, inda wata yarinya ta sa babanta ya saya mata tsohon akwatin katako a gwanjo, wani abu ya fito daga ciki ya shige ta. An rubuta wai labarin gaskiya ne. Da gaske akwai akwatin?

Amsa: 'Yar'uwa, akwatin kam akwai shi, amma labarin ƙirƙirarsa aka yi.

A 2003 wani mai sana'ar gyaran tsofaffin kujeru da kabad a birnin Portland na Amurka, Kevin Mannis, ya sa wani ɗan kabad na ajiye kwalaben giya a kasuwar intanet ta eBay. Ya haɗa shi da dogon bayani, wai na wata tsohuwa Bayahudiya ce 'yar Poland da ta tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, wai akwai wani ruhi da ake kira dybbuk kulle a ciki, wai duk wanda ya ajiye shi sai mugayen mafarkai da ciwo su addabe shi. A ciki har da tsofaffin kwabbai biyu da 'yan guntayen gashin mutum. Kayan banza ne, amma wa zai buɗe kabad ya ga gashin wani a ɗaure gabansa bai faɗi ba? Nan mutumin ya nuna gwaninta.

Jarida ta ɗauka, kabad ya yi ta sauya hannu, sai ga fim a 2012. Yarinyar da iyayenta da suka rabu, duk masu fim ne suka ƙara su.

Ko a al'adar Yahudawan Gabashin Turai ma zancen bai zauna ba. Abin da suke kira dybbuk ruhin mamaci ne da ke manne wa mai rai, malaminsu ya fitar da shi da addu'a. Kulle shi a akwati sabon abu ne. A 2021 Mannis da bakinsa ya gaya wa mujallar Input cewa shi ya tsara labarin tun daga tushe.

A ganina fim ɗin ba laifi, musamman yadda uban yake kallon 'yarsa tana sauyawa ya rasa abin yi. Rubutun "labarin gaskiya" kuwa dabarar talla ce kawai. Kabad ɗin yanzu yana gidan baje kolin abubuwan ban tsoro na Zak Bagans, mai shirin talabijin kan fatalwa, a birnin Las Vegas na Amurka, kuma sai mutum ya yanki tikiti zai gan shi.